Waƙa a Bakin Mai Ita: Matsalar Zaɓen Tauraro a Fim ɗin Ghosts of Mississippi

Gabatarwa

Ɗalibin adabi yakan fara nazarin wasan kwaikwayo da tambayoyi uku da aka saba: mene ne jigo, yaya zubi da tsari suke, su wane ne taurari. Sau da yawa akan amsa su ɗaya bayan ɗaya, kamar babu abin da ya haɗa wannan da wancan. Alhali kuwa wanda marubuci ya naɗa babban tauraro shi ke ɗauke da jigo a ka, kuma duk inda ya nufa nan jigon zai bi, ko marubucin ya so ko ya ƙi. Fim ɗin Ghosts of Mississippi, wanda Lewis Colick ya rubuta, Rob Reiner ya ba da umarni, aka kuma sake shi a ƙarshen 1996, ya isa misali a kan haka. An gina shi a kan shari'ar da aka yi a 1994 ta mutumin da ya kashe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata a jihar Misisifi ta Amurka. Fim ne mai kyakkyawar niyya, kuma yawancin abin da ya nuna ya faru. Duk da haka ya yi kuskure babba guda ɗaya: ya ɗauke labarin daga hannun waɗanda aka zalunta, ya danƙa shi ga lauyan gwamnati da ya shigo cikinsa bayan shekara ashirin da shida.

Abin da ya faru a Jackson

An haifi Medgar Evers a garin Decatur na jihar Misisifi a 1925. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, har aka kai shi Faransa, sannan ya dawo gida ya tarar da ƙasar da ya yi wa yaƙi ba ta yarda ya jefa ƙuri'a ba. A 1954 ya nemi shiga sashen koyon shari'a na Jami'ar Misisifi aka hana shi. A wannan shekara ce ƙungiyar NAACP, wadda ke fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta naɗa shi sakatarenta na farko a jihar. Aikinsa shi ne zagaya ƙauyuka, yana rajistar masu zaɓe, yana tattara bayanan kashe-kashen da hukuma ta kawar wa kai. Yana cikin waɗanda suka bi diddigin kisan Emmett Till, yaron nan ɗan shekara 14 da aka kashe a 1955, kuma ya taimaka wa James Meredith wajen shiga Jami'ar Misisifi a 1962.

A daren 11 ga Yunin 1963, Shugaba John Kennedy ya yi jawabi ta talabijin a kan 'yancin baƙaƙen fata. Bayan sa'o'i kaɗan, tsakar dare ta ɗan gota, Evers ya dawo gidansa a birnin Jackson daga taro. Yana fitowa daga mota, wani da ya ɓuya a cikin ciyayi a ƙetaren hanya ya harbe shi a baya. Matarsa Myrlie da 'ya'yansu uku suna cikin gida, sun ji ƙarar bindiga, suka fito suka same shi cikin jini a bakin ƙofa. Bai kai awa guda ba ya cika a asibiti, yana da shekara 37. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

'Yan sanda sun tsinci bindigar a kusa da wurin, kuma a jikin madubin saitinta akwai zanen yatsan Byron De La Beckwith, wani mai tallar takin zamani daga garin Greenwood, wanda bai taɓa ɓoye aƙidarsa ta fifikon farar fata ba. Sau biyu aka gurfanar da shi a 1964.

A nan akwai buƙatar bayani ga wanda bai saba da tsarin kotunan Amurka ba. A manyan laifuffuka, ba alƙali ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a kama mutum da laifi ko a wanke shi. A shari'un biyu na 1964, duk masu taya alƙalin maza ne fararen fata, domin daga rajistar masu zaɓe ake ɗebo su, baƙaƙen fata kuwa an toshe musu hanyar rajista. Wasu 'yan sandan Greenwood suka ba da shaida cewa sun ga Beckwith a garinsu a daren kisan. Ross Barnett, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar gwamna ba, ya shiga ɗakin kotu ya yi musafaha da wanda ake tuhuma a bainar jama'a. Sau biyu masu taya alƙali suka kasa haɗa baki, daga ƙarshe Beckwith ya koma gida.

Rashin haɗa bakin nan shi ne ƙofar da ta rage a buɗe. Da an wanke shi, da doka ta hana a sake tuhumarsa da laifin har abada. Tun da ba a wanke shi ba, kuma laifin kisan kai ba ya tsufa a dokar jihar, shari'ar ba ta mutu ba, barci kawai ta yi.

Wadda ta hana shari'ar mutuwa

Myrlie Evers tana da shekara talatin a duniya lokacin da aka mayar da ita mai takaba. Ta kwashi 'ya'yanta ta koma Kalifoniya, ta koma makaranta ta gama digiri a Kwalejin Pomona a 1968, ta rubuta littafi a kan rayuwar mijinta, ta tsaya takarar majalisar tarayya a 1970, daga baya ta sake aure. A duk tsawon wannan lokaci ba ta daina tuntuɓar hukumomin Misisifi a kan shari'ar ba, kuma ta adana kwafin rubutaccen bayanin zaman kotu na 1964.

A 1989 wani ɗan jarida mai suna Jerry Mitchell, na jaridar Clarion-Ledger ta Jackson, ya bankaɗo cewa wata hukumar gwamnatin jihar, wadda aka kafa a 1956 don kare tsarin wariya, ta taimaka wa lauyoyin Beckwith a asirce wajen tantance masu taya alƙali a shari'ar 1964. Ke nan gwamnati ɗaya ce ke tuhumarsa da hannun dama, tana kuma kare shi da hannun hagu. Da wannan rahoto Myrlie ta nemi a sake buɗe shari'ar. Aikin ya faɗa hannun Bobby DeLaughter, mataimakin mai gabatar da ƙara na yankin, a ƙarƙashin maigidansa Ed Peters.

DeLaughter ya tarar da kundin shari'a kusan fanko. Bindigar ta ɓace daga ma'ajiyar kotu, sai daga baya ya gano ta a gidan surukinsa marigayi, wanda tsohon alƙali ne. Bayanin zaman kotu ma ya ɓace, kuma ba tare da shi ba babu yadda za a karanto shaidar waɗanda suka riga suka mutu. Kwafin da Myrlie ta adana ne ya cike wannan giɓi. An samo sababbin shaidu da suka ji Beckwith yana alfahari da kisan, cikinsu har da Delmar Dennis, wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar Ku Klux Klan yana kai wa hukumar FBI rahoto. An tuhumi Beckwith a Disambar 1990, aka sha jayayya kafin a dawo da shi daga jihar Tennessee, sannan a ranar 5 ga Fabrairun 1994 masu taya alƙali, baƙaƙe takwas da farare huɗu, suka same shi da laifi. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Yadda fim ɗin ya raba labarin

Duk wanda ya karanta abin da ya gabata, aka tambaye shi wane ne ya kamata ya zama babban tauraro, ba zai yi dogon tunani ba. Ga mutumin da ya san ana farautarsa, har ya koya wa 'ya'yansa su kwanta a ƙasa da zarar sun ji harbi, amma bai bar aikinsa ba. Ga kuma matar da ta ɗauki shekara talatin tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya. Fim ɗin bai zaɓi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Medgar Evers ya bayyana ne a 'yan mintocin farko, ya fito daga mota, aka harbe shi. Mai kallo da bai san tarihinsa ba zai gama fim na sama da awa biyu bai fahimci abin da ya sa aka kashe shi ba, bai ga ƙauyukan da ya zaga ba, bai ga ƙauracewar shagunan farare da ya jagoranta a Jackson ba. Myrlie, wadda Whoopi Goldberg ta fito a madadinta, yawanci a bakin wayar tarho ake ganinta, tana sauraron rahoton da DeLaughter ke kawo mata daga nesa. Tana da kwarjini da natsuwa, amma ba ita ke tafiyar da labarin ba. Babban abin da aka ba ta ta yi shi ne ta yi shakkar lauyan, sannan ta amince da shi ta miƙa masa takardu. Wato an mayar da haƙurinta na shekara talatin wani mataki a cikin tafiyar wani mutum daban.

Kyamara kuwa tana gidan DeLaughter, wanda Alec Baldwin ya fito a matsayinsa. Ana ganin yadda aurensa ya mutu saboda matarsa da danginta ba sa son shari'ar, yadda ya haɗu da wata ma'aikaciyar jinya ya aure ta, yadda aka yi wa gidansa barazanar bam, yadda ɗansa ya yi faɗa saboda gorin da ake masa. Akwai ma wani zare da ya ratsa fim ɗin: ƙaramar 'yarsa tana tsoron fatalwa da dare, shi kuma yana rera mata waƙar Dixie, wadda ke da alaƙa da tsohuwar Kudu ta zamanin bauta, har ranar da ya gane bai kamata ya ci gaba da rera ta ba. Wannan dabara ce mai kyau ta fuskar salo, amma tana tona asirin jigo. Fatalwar da ke cikin sunan fim ɗin ta tashi daga kan iyalin da aka kashe wa uba, ta koma ɗakin barcin 'yar lauya. Yaran da suka ga mahaifinsu kwance cikin jini ba a ba mai kallo damar zama da su ko da dare ɗaya ba.

Saboda haka, idan aka warware jigon bisa abin da aka nuna, ba bisa abin da aka yi niyya ba, za a ga cewa jigon fim ɗin shi ne farkawar zuciyar wani Bature ɗan Kudu. Neman adalci ga Medgar Evers ya koma ƙaramin jigo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjojin masu kare fim ɗin

Ba a rasa masu kare wannan zaɓi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Ta farko ita ce DeLaughter ba ƙagagge ba ne. Mutum ne na gaske, ya yi aikin da wasu suka guje wa, ya fuskanci tsangwama daga mutanensa, kuma da bai tsaya ba da wataƙila Beckwith ya mutu a kan gadonsa. Wannan gaskiya ce. Amma ba a ce a cire shi daga fim ba. Tambayar ita ce ta ma'auni. Shi ya yi kimanin shekara huɗu a kan shari'ar, ita ta yi talatin. Shi an yi masa barazana, ita an aiwatar da barazanar a ƙofar gidanta.

Hujja ta biyu ita ce fim na kotu yana buƙatar lauya a tsakiyarsa, domin shi ke bincike, shi ke yi wa shaidu tambayoyi, shi ke jawabin rufewa. Wannan ma yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yana mayar da tambayar baya ne kawai: wa ya ce dole labarin Evers ya zama fim na kotu? Zaɓen nau'in fim shi ma zaɓi ne. Wanda ya yanke shawarar fara labari daga 1989 ya riga ya yanke shawarar cewa shekaru tara na aikin Evers, da shekaru ashirin da shida na jiran matarsa, shimfiɗa ce kawai. Kuma an taɓa nuna cewa akwai wata hanya: a 1983 an yi fim na talabijin mai suna For Us the Living, wanda aka gina a kan littafin Myrlie, inda Howard Rollins ya fito a matsayin Medgar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hujja ta uku ta kasuwa ce. Ana cewa yawancin masu sayen tikiti a Amurka farare ne, kuma ba za su shiga labarin ba sai ta ƙofar wanda ya yi kama da su. Wannan hujja ce mai haɗari, domin tana ɗaukar cewa Bature ba zai iya tausaya wa baƙar mace kai tsaye ba sai an samo masa tafinta. Irin wannan tunani ne ya haifi Mississippi Burning a 1988, inda aka ba da labarin kisan James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner ta idon jami'an FBI biyu farare, aka bar baƙaƙen Misisifi a matsayin masu kuka da masu gudu. Abin lura kuma shi ne dabarar ba ta biya ba, domin Ghosts of Mississippi bai yi kasuwa ba.

Haɗarin ƙarshe mai daɗi

Akwai matsala ta biyu da ta samo asali daga ta farko. Fim na kotu yana ƙarewa da hukunci. An karanta sakamako, jama'a sun yi sowa, an rungumi juna, mai kallo ya tashi da sanyin zuciya cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Amma a yi lissafi. Medgar Evers ya rayu shekara 37. Wanda ya kashe shi ya ƙara shekara talatin bayan kisan ba tare da an hukunta shi a kan kisan ba, har ya tsaya takarar mataimakin gwamnan jihar a 1967. Yana da shekara 73 aka kama shi da laifi, ya mutu a tsare a Janairun 2001 yana da shekara 80. Hukuncin 1994 ya tabbatar da gaskiya a rubuce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai mayar wa yara uku ƙuruciyarsu ba. 'Yan sandan da suka ba shi mafaka da shaidarsu, da hukumar da ta tantance masa masu taya alƙali, da gwamnan da ya ba shi hannu, babu wanda ya tsaya a gaban alƙali tare da shi.

James Woods ya fito a matsayin Beckwith da gwanintar da ta sa aka tsayar da shi takarar kyautar Oscar. Sai dai gwanintar tasa ta ƙara wa matsalar nauyi. Ya zana tsoho mai izgili da baƙar zuciya, wanda kowa zai ƙyamata cikin sauƙi, har mai kallo ya ɗauka cewa cutar Misisifi mutum ɗaya ce, kuma da aka ɗaure shi an warke. Mugu ɗaya, gwarzo ɗaya: wannan zubi ne na tatsuniya, kuma tarihin wariya ya fi ƙarfinsa.

Rataya jigo a wuyan gwarzo ɗaya yana da wani haɗarin da lokaci ya bayyana. Bayan shari'ar, DeLaughter ya zama alƙali. A 2009 ya amsa laifin kawo cikas ga binciken shari'a a wata badaƙala da ba ta da alaƙa da Evers, aka yanke masa ɗaurin wata 18. Wannan bai goge aikin da ya yi a 1994 ba, kuma ba daidai ba ne a yi amfani da shi don a ce hukuncin Beckwith gurɓatacce ne. Abin da ya nuna shi ne ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma fim da ya jingina darajar shari'a ga tsarkin lauya ya jingina ta ga bango mai tsagewa. Ita kuwa Myrlie, shekara guda bayan hukuncin, a 1995, aka zaɓe ta shugabar hukumar gudanarwar NAACP, ƙungiyar da mijinta ya mutu yana yi wa aiki. A 2013 ita ta yi addu'ar buɗe bikin rantsar da Shugaba Barack Obama karo na biyu.

Abin da ya cancanci yabo

Adalcin da ake nema wa Evers ya kamata a yi wa fim ɗin ma. Ya kai sunan Medgar Evers kunnen mutane da yawa da ba su taɓa jin sa ba. An ɗauki sassansa a Misisifi, kuma iyalin ba su juya masa baya ba: 'ya'yan Evers maza biyu, Darrell da Van, sun fito a matsayin kansu, Yolanda King, 'yar Martin Luther King, ta fito a matsayin 'yar'uwarsu Reena. Ya kuma nuna da kyau yadda ake tayar da shari'ar da ta kwanta, takarda bayan takarda, shaida bayan shaida. Shari'ar da ya ba da labarinta ta buɗe hanya ga wasu irinta: an kama Sam Bowers da laifin kisan Vernon Dahmer a 1998, an hukunta biyu daga cikin waɗanda suka tayar da bam a cocin Birmingham a 2001 da 2002, an kuma ɗaure Edgar Ray Killen a 2005. Fim ne da ya kamata a kalla, amma da sanin cewa rabin labarin yana wajen allo.

Kammalawa

Darasin da ke nan ga ɗalibin Hausa ya wuce Misisifi. Duk lokacin da aka ba shi littafin wasan kwaikwayo, ko ƙagaggen labari, ko fim ya nazarta, kada ya tsaya ga jigon da marubuci ya furta, ko wanda aka rubuta a bangon baya. Ya ƙirga: wa aka fi daɗewa tare da shi, gidan wa aka shiga, tsoron wa aka sa mai kallo ya ji, wa ya sauya daga farko zuwa ƙarshe, wa kuma aka bari a tsaye wuri ɗaya yana jira. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne jigo na haƙiƙa. Idan aka auna Ghosts of Mississippi da wannan ma'auni, za a ga cewa kotun Jackson ta ɗauki shekara talatin kafin ta saurari Myrlie Evers yadda ya kamata, masu shirya fim ɗin kuwa sun ba ta kujera a gefe, suka miƙa wa wani abin magana.